Rimediyal ko IJMB na taimakon yaro a digiri, ko ɓata shekara ce kawai?

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki, kince yaronki ya gama sakandare bana, ya ci 172 a JAMB, Injiniya yake so, admishan bai fito ba, kawunsa yana cewa a kai shi rimediyal ko IJMB, maƙociyarku kuma ta ce miki asarar kuɗi ce da asarar shekara, wai duk wanda ya shiga jami'a ta wannan ƙofar a baya yake ƙarewa. Kina so ki san shin shekarar nan tana ƙara wa yaro wani abu a sakamakon digirinsa ko kuwa hanyar shiga ce kawai.

Ni kemistiri nake koyarwa, na koyar da ƴan sharar fage, daga baya kuma na riƙe harkar jarrabawa a sashenmu, wato yaran nan na gansu lokacin shigowa na kuma ga rizol ɗinsu lokacin fita. Abinda zan ce miki shine tana taimakawa, amma ba kowane yaro ba, kuma taimakon nata a shekarar farko yake da ƙarfi. Zuwa aji uku in kika jera min ɗalibai kika ce in nuna wanda ya biyo ta rimediyal da wanda ya shigo kai tsaye, wallahi bazan iya ba sai na buɗe fayil. Sai dai fa kar ki raina shekarar farkon nan, ita ce ke yi wa mutane da yawa mugun tabo.

Bari mu fara raba abubuwan tukuna don mutane suna haɗa su wuri ɗaya. Rimediyal maimaicin karatun sakandare ne, SS1 zuwa SS3 a matse cikin watanni, in yaro ya ci jarrabawarsu, ya kuma sake zana JAMB ya zaɓi jami'ar, sai a ba shi aji ɗaya. Kinga ya ƙara shekara kenan a kan karatunsa. IJMB kuma karatu ne na gaba da sakandare, darussa uku ake ɗauka, ABU Zariya ce ke kula da jarrabawar tun 1976, in yaro ya samu maki mai kyau sai ya sayi fom ɗin DE ya shiga aji biyu kai tsaye, to shi wannan in komai ya tafi daidai bai yi asarar shekara ba. Akwai takwararta JUPEB da aka fara a 2014, ta fi ƙarfi a kudu. ABU tana da makarantar sharar fage a Funtuwa, KASU, jami'ar jihar Kaduna, ita ma nan cikin gari tana da nata sashen, akwai kuma kwalejoji da cibiyoyi masu zaman kansu da ke yin IJMB.

Wannan abu ba sabo ba ne a Arewa. Da can kafin tsarin 6-3-3-4, yaro in ya gama sakandare sai ya yi HSC, wato karatun gaba da sakandare, na shekara biyu sannan ya shiga digiri na shekara uku. Da yake makarantunmu na nan ba sa fitar da isassun ɗaliban da za su cike guraben jami'a, shi yasa ABU ta buɗe makarantar sharar fage ta SBS a Samaru, aka kuma yi kwalejojin CAS a Zariya da Kano, kuma manyan farfesoshi da likitoci da alƙalai da yawa da muke ji da su yau ta nan suka biyo. Don haka maganar maƙociyarki cewa wai ƙofar raggwaye ce, tarihi bai goyi bayanta ba. Hasali ma aji ɗaya na yanzu shi kansa sharar fage ne da aka shigar cikin digiri, mafi yawan abinda ake koyarwa a kimiyya a aji ɗaya shine abinda ƴan HSC suke yi a da.

To yanzu ga dalilin da yasa nace kar ki raina shekarar farko. A mafi yawan jami'o'inmu A maki 5 ne, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuma sifili. Wanda ya gama da CGPA, wato matsakaicin makinsa na duk shekarun karatu, 4.50 zuwa sama shine fas kilas, 3.50 zuwa 4.49 tu-wan, 2.40 zuwa 3.49 tu-tu. Kuma abin tarawa ake yi tun daga samistar farko, babu wanda zai goge miki ta baya. Mu ɗauka kwas ne mai shekara huɗu, kowace shekara yunit 40, don lissafin ya yi sauƙi, jimla 160. Wanda yake son ya fita da 3.50 sai ya tara maki 560. Yaron da ya rikice a aji ɗaya ya fita da 2.00 ya tara 80 kenan, saura 480 a cikin yunit 120, wato dole ya riƙa samun 4.00 shekara uku a jere, B a komai ba fashi, a daidai lokacin da kwasa-kwasan suke ƙara tauri. Shi kuwa wanda ya fita da 3.80 a aji ɗaya ya tara 152, abinda ya rage masa 408, wato 3.40 a shekara ta ishe shi, ko ya ɗan yi tuntuɓe a aji uku bazai ji a jikinsa sosai ba. Ƙwaƙwalwarsu na iya zama ɗaya, bambancin kawai ɗayan ya shigo ya san dawan garin, ɗayan kuma sai da ya sha kashi sannan ya farga. Ban san iyakar ɗaliban da suka zo ofishina a aji huɗu da 3.3 ko 3.4 suna tambaya ko akwai yadda za a yi ba, in ka buɗe takardarsu sai ka ga aji biyu da uku lafiya lau, F biyu ne na lissafi da fiziks a aji ɗaya suka riƙe musu ƙafa har ƙarshe. Ga kari-oba kuma, tana cin wuri a rajistar shekara mai zuwa, lakcarta ta yi karo da ta sabon aji, yaro ya rasa wacce zai shiga.

Me ɗan rimediyal yake shigowa da shi wanda ɗan'uwansa ba shi da shi? Zo ki ga lab a satin farko. A ajiye wa yaro biuret da fifet da kwalbar asid, a ce ya yi taitireshan. Yaro ne mai B3 a kemistiri a WAEC fa, amma sai ki ga ya tsaya yana kallon na kusa da shi, bai san ana ɗauraye biuret da asid ɗin da za a zuba ba, ya cika ta ya bar kumfar iska a bakin famfon, in zai karanta lamba sai ya leƙo daga sama maimakon ya sauko da idonsa daidai saitin ruwan, launi ya canza tuntuni shi yana ta zubawa. Daga nan a ce ya fitar da mol, nan ne ido ke raina fata, ya haddace fomula tsaf amma in aka ce ya juya ta ya fitar da abinda ke ƙasan layi sai ya tsaya cak, cm³ zuwa dm³ ma sai ya ninka maimakon ya raba da 1000. Ba daƙiƙi ba ne Hajiya, makarantar da ya fito ce ba ta taɓa ba shi kayan ya riƙe ba, wasu kuma mun san yadda kiredit ɗin ya samu, an rubuta musu a allo sun kwafa. Wanda ya yi sharar fage a wuri mai kyau ya riga ya yi wannan kunyar bara, lokacin da ba a rubuta ta a CGPA.

Ban da ilimin kansa akwai sabo. Ya saba da aji mai ɗaruruwan mutane da lasifikar da ba ta aiki, ya san in bai fito da wuri ba a bakin taga zai tsaya, ya san lakcara bazai bi shi yana tambayar ina asamen ba, ya san tes ɗin da ake rainawa shine maki 30 ko 40 cikin 100, ya koyi ɗaukar rubutu mutum na magana da Turanci da sauri, ya koyi raba kuɗin wata da dafa taliyarsa. Turancin nan ma babbar magana ce ga yaranmu, da yawa sun san amsa amma ba su gane me tambayar take nema ba. Yaro ɗan shekara 16 ko 17 da bai taɓa kwana a wajen gida ba, samistar farko kusan duk a ruɗe yake yinta.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. In wani ya zo miki da lissafi ya ce ai a sashe kaza ƴan rimediyal sun fi ƴan JAMB cin jarrabawa, saboda haka rimediyal ce ta gyara su, ki ɗan dakata. Waɗanda ya ƙirga ai waɗanda suka tsallake ne. An ɗebi yara da yawa, wasu sun gudu a tsakiya, wasu kuɗi ya yanke, wasu sun faɗi, waɗanda suka kai aji ɗaya su ne masu naci da ƙoƙari tun asali. Kamar ki tankaɗe gari ne ki ce rariya ce ta sa shi laushi, alhali tsakin kawai ta tare. Sannan cikin ƴan sharar fage akwai yara haziƙai da suka ci JAMB sosai, likitanci kawai suka nema ba su samu ba, su ko ba su yi rimediyal ba da ma za su yi fice. Ta ɗaya ɓangaren kuma mai cewa ƴan rimediyal sun fi rauni shi ma bai yi adalci ba, tunda da yawansu da rauninsu suka shigo, tambayar da ta dace ita ce da bai yi ba ya zai kasance, ba wai a gwada shi da wanda ya ci 280 ba.

Masu bincike a waje dabarar da suke yi ita ce su ɗauki yaran da ke bakin layi, wanda ya haura katof, wato makin da ke raba wanda zai wuce da wanda za a tura ajin gyara, da maki ɗaya ko biyu da wanda ya gaza da ɗaya ko biyu, tunda kusan ƙarfinsu ɗaya, sai su bi su su ga ƙarshensu. A Amurka an yi irin wannan da yawa a ƙananan kwalejoji, kuma sakamakon bai zo baki ɗaya ba, wani wuri an ga amfani, wurare da dama ba a ga wani bambanci ba, har ma aka lura tsawaita hanyar na sa wasu su gaji su bar karatun. Shi yasa jihar Kalifoniya ta yi doka a 2017 da ta rage tura ɗalibai azuzuwan gyara, aka koma a sa yaro a ajin ainihi ana tallafa masa a gefe. A Ingila kuma inda digiri shekara uku ne, jami'o'i suna da shekarar sharar fage kafin aji ɗaya, ta yaɗu sosai musamman a kwasa-kwasan kasuwanci har wani kwamitin gwamnati a 2019 ya ba da shawarar a janye mata tallafi, daga baya aka rage kuɗin da jami'a za ta iya karɓa a kan irin waɗanda a aji kawai ake yinsu zuwa fam 5,760 daga 2025, amma ba a haɗa da na kimiyya da injiniya masu buƙatar lab ba. A lokaci guda jami'ar Kambirij ta buɗe tata a 2022, kyauta, don yara masu ƙwazo da yanayin rayuwa ya tauye. Kinga su ma ba su ce duk alheri ce ko duk ɓata lokaci ba, sun duba wane kwas ne kuma wane yaro.

Sai dai namu ya bambanta da na Amurka ta wuri ɗaya mai muhimmanci. Can yaron yana da gurbi a hannu, ana tambaya ne a jinkirta shi ko a bar shi ya wuce. Nan naki yaron ba shi da gurbi. Ba tsakanin rimediyal da aji ɗaya kike zaɓi ba, tsakanin rimediyal da zaman gida ne, kuma mun san zaman gida na shekara guda ga saurayi a garin nan, safe majalisa, yamma kallon ƙwallo, dare waya, sai saura wata ɗaya JAMB a fara neman fas kwesin. Ɗan lissafin da ya fito da shi daga sakandare ma sai ya zube. Akwai yaran da ke iya zama su yi karatu da kansu da ɗan lesin su ɗaga makinsu sosai, na gansu, amma ke kika san ɗanki, in ba mai zama da littafi ba ne ba tare da an tsaya a kansa ba to kar ki yaudari kanki.

Kwas ɗin ma yana da tasiri. Inda ilimin yake hawa kan juna, lissafi da fiziks da kemistiri da duk wani injiniya, wanda bai iya aljebra da tirigonometiri ba kalkulas zata kayar da shi, wanda kalkulas ta kayar kuma duk lissafin injiniya na aji biyu da uku haka zai ta jan ƙafa. A nan amfanin sharar fage a fili yake. A irin su tarihi ko kimiyyar siyasa kuwa, yaron da ke iya karatu da rubutu da kyau ban ga abinda rimediyal zata ƙara masa mai yawa ba in ban da hanyar shiga.

Game da IJMB akwai abinda ba a cika faɗa wa iyaye ba. Kowane darasi A maki 5 ne har zuwa E mai 1, darussa uku 15, ana ƙara ɗaya ga wanda bai faɗi ko ɗaya ba ya zama 16. Karatun yana da nauyi, abin shekara biyu ne a da ake dannawa cikin ƙasa da shekara, kuma kwasa-kwasai irin likitanci da famasi da injiniya maki mai yawa suke nema, guraben DE kuma ba su kai na JAMB ba. In ya shiga, CGPA ɗinsa daga aji biyu zai fara, wannan alheri ne ta wani gefen tunda babu tabon aji ɗaya, amma kuma babu matashin da zai jingina da shi, shekarar da zai yi yana neman ina ne ajin kaza ina ne ofishin kaza ita ce shekarar da ƴan ajinsu suka riga suka san juna suka kafa gurup ɗin karatu, ga shi a jami'o'i da yawa sai an ɗora masa wasu kwasa-kwasan gama-gari na aji ɗaya a kan nasa. Ƴan IJMB masu ƙarfi su kan zo su ba kowa mamaki, sau da yawa lissafinsu ya fi na waɗanda suka yi aji ɗaya zama daram. Amma wanda tushensa na sakandare da ma a rarake yake, aka tura shi IJMB don kawai kar ya yi asarar shekara, an yi gudun gara an faɗa gidan zago, sai ya fito da maki 4 ko 5 da ba za su kai shi ko'ina ba.

Maganar shekara kuma, ni ban ɗauke ta abin tsoro ga ɗan 17 ko 18 ba. Yajin aikin ASUU kaɗai ya ci kusan wata tara a 2020 ya kuma ci wata takwas a 2022, ba wanda ya ƙaru da komai. Inda zan ce a yi lissafi shine mai shekaru da yawa, tunda wanda ya haura 30 kafin ya gama ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

In nine ke, ga yadda zan yi. Ki samo takardar lissafi da ta fiziks ta WAEC ta wata shekara da ta wuce, ta rubutu ba ta zaɓi-ka-cika ba, ki karɓe wayarsa, ya zauna a falo ya yi cikin lokacin da aka rubuta a kai, ki kai wa malamin da ba na makarantarsu ba ya duba tsakaninsa da Allah. In ya ci rabi ko sama, tushensa da sauran ƙarfi, IJMB da lissafi da fiziks da kemistiri zata yi masa, ya kuma sake zana JAMB a gefe don ya riƙe igiya biyu. In ya kasa kaiwa ko kusa, to kiredit ɗin nan na takarda ne kawai, rimediyal ta fi masa ko da zai ga sa'o'insa sun wuce shi da aji ɗaya, don 172 ga mai son injiniya tana nuna akwai rami a wani wuri, gara a cike shi yanzu da a je aji biyu ana maganar furobeshan.

Kuma dan Allah kafin ki biya ko sisi ki je wurin da ƙafarki, ko kawun nasa ya je. Ku ce a nuna muku lab, ku ga ko akwai kayan aiki ko ɗaki ne kawai da aka rubuta suna a ƙofa. Ku tambayi ɗaliban da ke ciki, ba masu ofis ba, sau nawa malamai ke shiga aji a sati, kuma ƴan bara nawa ne suka samu admishan a kwas ɗin da suka nema ba wanda aka jefa su ba. Cibiyar IJMB ku tabbatar tana cikin waɗanda aka amince da su, JAMB yanzu tana tantance sakamakon masu DE saboda na bogi da aka sha kamawa, duk wanda ya ce muku ku kawo kuɗi zai tabbatar wa yaro maki 13 ku tashi ku bar wurin. Ku kuma duba ko jami'ar da yake so tana karɓar IJMB a kwas ɗin, don ba duka ke karɓa ba. Sannan ki sake duba rizol ɗinsa na sakandare da kyau, injiniya sai da kiredit biyar har da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, a zama ɗaya ko biyu. In akwai wanda ya samu D7 ko E8 a ciki, rimediyal ba ta goge shi, sai ya sake zana WAEC ko NECO ta masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara, gara a yi masa rajistar tun yanzu ya haɗa da karatun.